Semesa da Uwar Aro

Ku matso ku ji ta Semesa, taubashina, ɗan goggona. Ni Unaisi na fi kowa ikon ba da labarin nan, don a gaban idona aka yi komai, kuma ko ya ji ina bayarwa ba abin da ya isa ya yi mini. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, tsokanarsa gadona ce.

Semesa gwauro ne, yana neman hamsin, ga tumbi, ga gashin baki, ga wata hular kaboyi da ya ce wani babban soja ne ya cire daga kansa ya ba shi a Suva. In dai a bakinsa ne, ba abin da bai taɓa yi ba a ƙasar Fiji. Ya taɓa yin iyo daga tsibirinmu zuwa na gaba da buhun gwaza a ka. Ya taɓa kwaɗa wa ƙaton kifin teku mari har kifin ya ba shi haƙuri. A zahiri kuwa, ko kwalekwalen da ke ɗaure a bakin gaɓa ya shiga sai ya yi amai.

To, sai so ya kama mutumin naku. Akwai wata bazawara, Karalaini, 'yar ƙauyen da ke bakin gandun daji na ƙasa, can inda matsirgar ruwa take. Ita ke kula da rumfar baƙi a gindin matsirgar, ran Asabar kuma ta sauko kasuwarmu da jatan lande. Semesa in ya ci jatan lande jikinsa ruɗu-ruɗu yake yi da ƙaiƙayi, amma duk Asabar sai ya saya, ya tsaya gabanta ya cinye yana yabawa, ya dawo gida ya kwana yana susa. Aurenta yake so, ba na wasa ba, wannan kam na shaide shi. Sai dai shi Semesa bai iya shiga ta ƙofa kamar mutane ba.

Wata Lahadi ya faɗo mana taron zumuntar mata a coci, ya ce ya ari a-kori-kura, zai kai mu ganin matsirga, mu yi wanka mu sha iska. Shugabarmu Makereta, mace mai faɗa a cika, ta ce to madalla. Muka haɗu muka sayi damin yangona mai kyau, saiwar nan da ake dakawa a jiƙa a sha, wadda ba mai shiga ƙasar mutane sai ya ajiye ta gaban dattawa ya nemi iso. Da yake shi ne namijin da zai miƙa, sai muka ba shi ajiya. Ai kuwa mun ajiye.

Ran tafiya da safe ya zo ido jawur, yana tafiya kamar ƙafafun aro ya saka. Makereta ta leƙa bayan mota, ta leƙa gaba.

Ta ce, “Semesa, ina yangonarmu?”

“Tana inda ya dace.”

“Ina ne inda ya dace?”

Ya shafa tumbi. Ashe abokansa sun zo taya shi shawarar tafiya, aka ce a ɗan ɗanɗana a ji ko mai kyau ce, kada a kai wa dattawa abin kunya. Aka yi ta ɗanɗanawa har dami ya koma igiya.

Makereta ta ɗora hannu a ka. “Wayyo Allah! Mu shiga ƙasar mutane hannu rabbana? Ka kashe mu, Semesa!”

“Haba uwar zumunta, kwantar da hankalinki. Baƙo ne ke neman iso. Kin taɓa ganin ɗan mace ya nemi iso a garin kawunsa?”

Na ce, “Wane kawun? Kawunka ubana ne, ga shi can zaune yana ɗinkin koma.”

Ya jawo ni gefe, amma da yake bai iya raɗa ba kowa ya ji. Wai wani direban bas ya gaya masa mai garin can, Tsoho Manasa, yana da ƙanwa Miriama, ta bi wani mai jirgin ruwa tun kafin a haife mu, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Shi zai je ya ce ɗanta ne. Ka ga ya zama vasu ke nan, ɗan mace a garin kawunsa, wanda ba ya gaisuwar iso, kuma duk abin da ya ɗora hannu a kai ya zama nasa.

Ya ce, “Ga babbar ma. Karalaini 'yar gidan Manasa ce. In ni ɗan ƙanwarsa ne ita 'yarsa, me muka zama? Taubasai! Matata ce tun daga sama, sai dai in je in ɗauko.”

Ya buɗe jaka ya nuna mini tambuwa, haƙorin kifin nan da ake neman aure da shi. Na san shi sarai. Goggo ce ta bar masa, ta ce ranar da ya ga mace ta gari ya miƙa.

Na ce, “Kai mara kunya! Uwarka fa tana kwance bayan coci, jiya-jiya na share kabarinta.”

“Aro zan yi na yini ɗaya, Unaisi, ba canza ta zan yi ba.”

Mata suka fara cewa a fasa. Makereta ta dubi tukwanen da muka kwana muna dafawa, ta dubi Semesa, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta ce, “Mu matan coci ne, ba za mu yi ƙarya ba. Amma ba inda aka ce lalle sai mun yi magana. Ku hau.”

Da muka isa ƙauyen, kowa ya yi abin da aka saba. Muka sauke jakunkuna daga kafaɗa, muka rufe jiki, masu tabarau suka cire. Semesa kuwa ya ƙara danna hularsa a ka, ya ratsa tsakiyar gari yana fito. Wata tsohuwa da ke kankare kwakwa ta saki wuƙa. Wani ya ce, “Kai, wane ne wannan da hula a cikin gari? Ubansa ne ya sari garin?”

Tsoho Manasa na zaune gindin mangwaro yana wasa adda. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, kai fari fat, idanu ƙanana. Semesa ko durƙusawa bai yi ba, ya ware hannuwa.

“Kawu! Ni ne! Ɗan Miriama!”

Tsoho ya ajiye adda. Ya dubi Semesa daga hula har silifa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan daɗe a kaina. Ni kuwa na sa wa wata kaza ido kamar ban taɓa ganin kaza ba.

Ya ce, “Ɗan Miriama? Ikon Allah. Tana ina?”

“Ta rasu, Kawu. Da sunanka a bakinta ta cika.”

“Allah sarki. Har ta mutu tana ɗingishin nan?”

“Har ta mutu. Ni ke goya ta zuwa coci.”

“To, a can ta samo shi ke nan, don da ta bar nan ƙafarta lafiya lau.”

Semesa ko ƙiftawa bai yi ba. “Ƙaguwa ce ta cije ta. Ƙatuwa. Ni na kashe ta.”

Tsoho ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suka kama rawa. Semesa ya bubbuga bayansa yana cewa a yi haƙuri, haka duniya take. Da tsohon ya ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, “Gari garinka ne, ɗana. Ku je ku ga ruwa. In kun sauko da la'asar za a dama yangona, a yi wa ɗan Miriama maraba.”

Nan fa Semesa ya samu duniya. Ya hango wasu dogayen takalman roba a bakin ƙofa, ya ɗora hannu, ya jefar da silifansa. Wani jan zakara ya zo wucewa, ya bi shi da gudu har bayan ɗaki, ya dawo da shi a hammata. Sai idonsa ya kai kan wata goɗiya da ke ɗaure jikin itacen kwakwa.

Tsoho ya ce, “Ɗauki, ɗana. Sai dai fa in kun kai rafin farko, ita goɗiyar nan…”

“Kawu, ni da na horar da dawakin 'yan sanda? Riƙe shawararka.”

Sai da samari suka tura shi ta baya kafin ya hau. Muna barin gari na waiga, na ga tsoho ya ciro wayarsa yana latsawa, har lokacin kafaɗunsa ba su daina rawa ba.

Muka kama hanyar daji, mu a ƙasa da tukwane, shi a sama da zakara, yana nuna mana itatuwa yana laƙa musu sunayen da ya ga dama. Har ya fara ba mu labarin yadda ya taɓa hawan doki a tsaye. Muna isa rafin farko goɗiya ta tsaya cak a tsakiyar taɓo. Ya zungure ta. Ta yi ajiyar zuciya, ta lanƙwashe ƙafafu, ta kwanta, ta fara birgima. Ashe al'adarta ce kullum in ta dawo daga ɗaukar gwaza, kuma ba ruwanta da ko akwai kaya a bayanta.

Muka ga takalma a sama, muka ji “Wayyo!” daga ƙasa. Zakara ya kuɓuce ya haye kan hula yana cara. Goɗiya ta gama birgimarta, ta miƙe, ta girgije, ta juya gida abinta.

Makereta ta ce, “Sannu, mai horar da dawaki.”

Ya tofar da taɓo. “Ni na umarce ta. Dabara ce ta yaƙi, in an yi harbi doki ya kwanta.”

Na ce, “To umarce ta ta dawo mana.”

“Na sallame ta. Ta gaji.”

Sauran hanyar a ƙafa ya yi ta. Takalman sun yi masa kaɗan, ga matsattsaku sun samu masauki a ciki, yana tafe yana ɗingishi. Makereta ta ce lalle gadon Miriama ne, jini ba ya ɓuya. Zakara kuma ni ya danƙa wa, da jakarsa, wai shi yana buƙatar hannuwansa saboda macizai.

Tun kafin a ga matsirgar ake jin ƙuginta a ƙirji. Ni da nake zuwa tun ina yarinya, har yau in na fito daga cikin itatuwan nan na ga ruwan yana zubowa fari tas daga kan dutse zuwa cikin gurbi, feshinsa na dukan fuska, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Mata suka ajiye tukwane suna ta “Kai, Allah mai iko!” Wasu Turawa na gefe suna ɗaukar hoto, samarin gari kuma na tsalle daga wani ɗan dutse suna faɗawa ruwa.

Karalaini na cikin rumfa tana zuba shayi. Mace ce doguwa mai fara'a, kullum da dariya a bakinta. Semesa ya goge taɓon gashin baki, ya nufe ta yana taku ɗai-ɗai. Tana ganinsa ta ajiye buta, ta juya masa baya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Karalaini! Ni ne fa, mai jatan lande!”

Ta yafuto ni, ta ce a hankali, “'Yar'uwa, ki ce wa wanda kuka zo da shi ana yi masa sannu da zuwa. Ga shayinsa can a kan dutse.”

Semesa ya zungure ni da gwiwar hannu, baki har kunne. “Kin gani? Kunya! Ta ji labari, ta san mijinta ya iso.”

Na san kunyar budurwa, na san ta bazawara, wannan ba ko ɗaya ba ce. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna Makereta ta ce ba lalle sai mun yi magana ba, na yi biyayya.

Da ya ga ba ta dubansa, sai ya ce zai sa ta duba. Ya nuna samarin da ke tsalle ya ce wasan yara ne. Ya ɗaga hannu can sama, wani ɗan tudun dutse kusa da inda ruwan ke karyowa, ya ce daga can yake faɗowa yana yaro, da kai kuma.

Wani saurayi ya ce, “Baba, ba a hawa can.”

“Ku ne ba kwa hawa. Ni vasu ne, dutsen kawuna ne.”

Ya tuɓe riga, ya ƙara ɗaure zanensa, ya kama saiwoyi ya fara hawa, da takalma da hula. Gaskiya na yi mamaki, ya kai. Ya miƙe tsaye, ya buga ƙirji, ya leƙo ƙasa. Shi ke nan. Ya juya ya rungume wani ɗan itace, ya ƙanƙame.

Muka yi ta jira. Turawa sun saita na'urorinsu har hannu ya gaji. Yana ta buɗe baki yana faɗin wani abu, ƙugin ruwa ya hana a ji.

Makereta ta ce, “Me yake cewa?”

Na ce, “Ina jin wasiyya ce.”

Ta ce, “To kada bawan Allah ya tafi haka nan.” Ta gyara murya ta ɗauko waƙar da muke yi in ana rakiyar gawa, mata suka amsa da murya huɗu. Wani Bature ya cire hularsa.

Wannan kam ya ji. Ya saki hannu ɗaya yana yi mana daƙuwa, ya mayar da hannun kan reshe, ashe kan gidan rina ya ɗora. Ba mu ga rinar ba, rawar muka gani. Ya yi tsalle ɗaya, ya yi biyu, na uku babu dutse a ƙarƙashinsa. Zanen ya maƙale a reshe ya ce shi ba ya zuwa. Semesa ya taho shi kaɗai, daga shi sai takalma, ya dira da tumbi. Ƙarar da ta tashi har tsuntsaye suka watse.

Matan zumunta suka rufe ido, suna leƙe ta tsakanin yatsu. Hula ta taso ta bi ruwa. Can sai ga kansa, ya shaƙi iska, ya koma. Takalma sun cika da ruwa suna jan sa ƙasa, kuma mai iyo da buhun gwaza bai iya iyo ba.

Karalaini ce ta fara rugowa. Ta fizgo wata doguwar gora, ta iso bakin ruwa, ta juya baya, ta miƙa gorar ta kan kafaɗa tana lalube. Sai da ta ƙwala masa a ka sau biyu kafin ya kama. Samari suka faɗa suka turo shi, ni na ja shi da gashin baki. Ya kwanta kan dutse yana aman ruwa, ya rufe gabansa da ganyen gwaza. Karalaini ta yaye ƙyallen teburin shayi, mai furanni ja da ɗorawa, ta wurgo ta baya, ta koma rumfa ba ta waigo ba.

Da numfashi ya dawo masa, abin da ya fara cewa shi ne, “Kun ga salon? Ba kowa ya iya da ciki ba.”

A cikin ƙyallen tebur ya sauko gari, fuska ta kumbura suntum, ido ɗaya a rufe. Na ce masa, “Semesa, don Allah ka bar maganar nan yau. Akwai abin da ban gane ba.” Ya ce baƙin ciki nake yi, don na ga zai yi sabuwar taubashiya.

Zauren gari ya cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi, an dama yangona a babban akushi, Tsoho Manasa na zaune daga sama. Aka ba Semesa ƙoƙon farko a matsayin ɗan Miriama, ya tafa, ya shanye, gari ya tafa masa. Karalaini na can bakin ƙofa cikin mata, ta ba zauren baya.

Semesa ya karɓi jakarsa, ya rarrafa gaban tsoho, ya ciro tambuwa ya riƙe da hannu biyu. Ya yi jawabi mai tsawo, ya yabi dutse, ya yabi ruwa, ya yabi kansa. Daga ƙarshe ya ce, “Kawu, na zo ɗaukar abin da yake nawa tun asali. Ka ba ni 'yarka Karalaini, taubashiyata.”

Wata tsohuwa ta ce, “Tabɗi!” Wani ya ƙware da yangona.

Tsoho ya sosa kai. “'Yata? Ɗana, ai ni Allah bai ba ni 'ya mace ba.”

“Karalaini fa, ta gidanka.”

“A gidana ta tashi, gaskiya ne. Tana jaririya uwarta ta ajiye mini ita ta bi mai jirgi. Karalaini 'yar Miriama ce. Yayarka ce, ciki ɗaya. Ba ka ga tun da na buga mata waya ta daina haɗa ido da kai ba? Yarinya mai tarbiyya, ta san mace ba ta magana da ɗan'uwanta namiji.”

Zauren nan kamar zai rushe. Maza suna dukan tabarma, tsofaffi na riƙe da ciki. Makereta ta cusa ɗankwali a baki, hawaye na zuba. Har zakaran da ke cinyata ya yi cara. Semesa na durƙushe da haƙori a hannu, ido ɗayan da ya rage yana ta zagaye zaure.

Tsoho ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya sassauta murya. “Sai dai ko in ba Miriama ce ta haife ka ba. Mutum yakan yi kuskure. In ba ita ba ce, faɗi a gaban jama'a, ka ce ƙarya ka yi. Sai ka kawo yangona ka ba gari haƙuri kan hula da zakara da goɗiya, a wuce wurin. Daga nan in kana da wata magana, sai mu saurara.”

Jama'a, kun ji fa. Tsohon nan ya buɗe masa hanya fetal. Na ga bayan Karalaini ya miƙe, ta daina motsi, tana saurare. Na matsa na mintsine shi, na ce, “Faɗi mana, shashasha! Kalma uku ce!”

Ya dubi tambuwa. Ya dubi bakin ƙofa. Sannan ya dubi matan zumunta, layi guda, kowace da bakinta, kowace gobe za ta je kasuwa. Ya ɗaga haɓa.

“Ni Semesa? Ƙarya? Ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ai na san yayata ce. Gwada ku nake yi, in ga ko garin nan ya riƙe al'ada.”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Karalaini ta tashi ta fita.

Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa hannu ya karɓi tambuwar Goggo, ya ce, “To, na karɓa, a matsayin ta ɗa da ya dawo garin uwarsa.” Gari ya tafa. Ya ƙara da cewa, tunda yayarsa ba ta da miji, itacen girkinta da noman gwazarta da jinkar ɗakinta duk sun dawo wuyan ƙaninta, kamar yadda aka saba. Semesa ya ce dama abin da ya kawo shi ke nan.

Muna shirin hawa mota tsoho ya kira ni gefe. Ya ce, “Ki gai da babanki. Kamarku ɗaya. Ni na riƙe wa angon goggonki lema ranar aurenta.” Ya karɓi zakaransa ya yi gaba.

Karalaini kuma ta tare ni bayan coci. Idonta ya yi ja, ban sani ba ko na dariya ne ko na wani abu. Ta ce, “Tun watan jiya na gaya wa Kawu, in mai sayen jatan landen nan ya zo da yangonarsa ya durƙusa kamar kowa, ya karɓa. Na san suna sa shi ƙaiƙayi. Duk Asabar ina ganin wuyansa.”

A hanyar gida na zauna gaba kusa da shi, na gaya masa, ban rage ko kalma ba. Na zaci zai ce ai ya sani. Bai ce ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, cikin ƙyallen tebur, har muka iso gida bai yi tari ba. Tun da nake da shi ban taɓa jin shirunsa ba sai ranar, kuma na rantse bai yi mini daɗi ba.

Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Ubana ya yi masa. Makereta ma ta ce zumunta za ta sake sayen yangona, ta riƙe a hannunta har gaban tsoho, shi dai ya je ya buɗe baki. Sai ya ce shi mutum ne mai magana ɗaya.

Yanzu haka duk ƙarshen wata yana can, ya sari itace, ya nome gwaza, ya hau jinka. Zanensa na nan rataye a saman matsirga, yana gaya wa Turawa tutar da ya kafa ce. In ya hango Karalaini ta biyo hanya, sai ya yi wuf ya faɗa daji ya ba ta wuri, kamar yadda ƙane na gari ke yi. Ita kuma in ta wuce takan ajiye ƙunshin ganye a kan dutse, ba ta ce komai ba.

Jiya na same shi a ƙofar gida ya buɗe ƙunshin a cinya, yana ɓare jatan lande, wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu.

Na ce, “Taubashi, ba ka gaji da susa ba?”

Ya ce, “Ke dai faɗi gaskiya, Unaisi. Duk tsibirin nan akwai wanda yayarsa ke ji da shi kamata?”

Ya jefa ɗaya a baki, ya kawar da kai, ya ci gaba da susa.